Masu bincike na neman izinin kama jemagun garinmu: me za mu ce musu ranar Juma'a?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake son mu tattauna a nan kafin zaman da za a yi a ƙofar gidan Dagaci ranar Juma'a bayan la'asar. Shekaranjiya wasu mutum uku daga wata jami'a suka zo da takarda, suna neman izinin shimfiɗa leda a ƙarƙashin itatuwan mangwaron da ke bayan makarantar firamare domin su kwashi kashin jemagu, sannan da daddare su kafa raga a bakin kogon dutsen da ke hanyar Birnin Kudu, su kama wasu, su goga auduga a bakinsu da duburarsu, su sake su. Sun ce ƙwayoyin cutar korona suke nema. Tun da maganar ta fita gari ya rabu biyu. Wasu sun ce a sallame su tun da ba a san abin da za su yi da abin da suka ɗiba ba, samari kuwa sun ce in dai akwai korona a jikin jemagu, to a sare itatuwan, a turara barkono a kogon, kowa ya huta. Muna da likitoci a wannan zaure, don haka ina roƙon su yi mana bayani kafin mu je mu yanke abin da ba mu fahimta ba.

Sarkin Noma: Wa alaikumus salam. Ni tambayata ɗaya ce. Na haura shekara sittin, kuma tun ina yaro jemagun nan suke sauka duk bazara in mangwaro ya nuna. Mun sha wanda suka gutsura suka yar, har rububinsa muke yi, saboda kowa ya san jemage ba ya taɓa ɗanye. Iyayenmu sun kwashi kashinsu daga kogon nan sun zuba wa albasa, mu ma muna kwasa. Ban taɓa jin an ce wane ya kwanta saboda jemage ba. To yau me ya canza?

Dakta Maryam: Baba Sarkin Noma, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ita ce ainihin tambayar da masu binciken da kansu suke neman amsarta, don haka bari in fara daga tushe, da abin da na sani a matsayina na likitar dabbobi. Korona sunan dangi ne, kamar yadda za a ce dawa, alhali akwai kaura akwai farfara. Akwai iri huɗu da suka daɗe suna yawo a cikin mutane suna sa mura kawai, akwai wadda ke sa wa kaji tari, akwai wadda ke sa wa 'yan maruƙa gudawa. Jemagu kuwa sun haura iri 1,400 a duniya, kuma masana sun ƙiyasta cewa suna ɗauke da korona fiye da iri 3,000, yawanci a cikin hanjinsu, ba tare da sun nuna wata alamar ciwo ba. Saboda haka ina iya gaya muku tun yanzu cewa in mutanen nan suka ɗibi kashin da yawa, da wuya su rasa samun wata korona a ciki, kuma samun nata ba labari ba ne. Tun a 2010 aka wallafa cewa an sami wata a jikin wani ƙaramin jemage a Zariya, mai dangantaka ta nesa da cutar SARS, wata korona mai kama huhun mutum, har aka sa mata sunan garin, kuma ba a taɓa samun ta a jikin mutum ba.

Abin da suke so su gani shi ne rubutun halittar ƙwayar. Kowace korona tana ɗauke da wani dogon rubutu mai haruffa kusan 30,000, an tsara shi da haruffa iri huɗu kacal, kuma shi ne ke faɗa mata yadda za ta gina jikinta ta hayayyafa. A ɗakin gwaje-gwaje ana fara neman wani ɗan yanki na haruffa ɗari huɗu ko makamancin haka wanda kusan duk dangin suke da shi, in an same shi sai a sa na'ura ta karanta sauran, a kwatanta da waɗanda aka riga aka sani a duniya. Wurin da aka fi zuba wa ido shi ne sashen da ke gina ƙayoyin da ke jikin ƙwayar, domin ƙayar nan ita ce mukullinta. Ƙwayoyin jikin mutum suna da kwaɗo a ƙofarsu, in mukullin bai dace ba ƙwayar cutar ba ta da hanyar shiga ko da an haɗiye ta. Mafi yawan na jemagu mukullinsu bai dace da kwaɗonmu ba, kuma wannan, Baba, shi ne babban dalilin da ya sa kuka sha mangwaron kuka zauna lafiya.

Matsalar ita ce mukullin yana canzawa. In korona biyu suka haɗu a hanjin jemage ɗaya sukan yi musayar sassan rubutunsu, sai a sami sabuwa mai jikin wannan da mukullin waccan. Cutar SARS ta ɓulla a kudancin ƙasar Sin a ƙarshen 2002, ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe 774. A cikin dabbobi, an fara gano ta a jikin wata dabba mai kama da tunkun juda da ake sayarwa da rai a kasuwanni, sai a 2005 aka gane cewa tushen dangin yana wurin wasu ƙananan jemagu. Daga nan masana suka shafe shekara biyar suna komawa wani kogo guda a lardin Yunan suna ɗibar kashi, kuma a 2017 suka nuna cewa duk sassan da suka haɗu suka zama SARS suna nan a warwatse cikin ƙwayoyin cutar kogon. Da aka gwada jinin mutum 218 da ke zaune kusa da irin waɗannan koguna, an sami 6 da jikinsu ya nuna sun taɓa haɗuwa da koronar jemage, kuma ba su ma san an yi ba.

Auwalu: Anti Dakta, ai da bakinki kin tabbatar da maganarmu. In har mukullin zai iya canzawa kowane lokaci, kuma ba wanda ya san ranar, me ya sa za mu zauna muna jira? Gara mu kawar da su tun kafin su kawar da mu.

Dakta Maryam: Auwalu, an gwada abin da kake faɗa, kuma an ga ƙarshensa. A ƙasar Yuganda, bayan cutar Marburg, wani zazzaɓi mai kisa da jemagu ke ɗauke da ƙwayarsa, ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka a 2007, an toshe ramin an kashe jemagun da ke ciki dubbai. Bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka cika wurin, kuma da aka gwada su sai aka tarar yawan masu ɗauke da cutar ya ninka na da fiye da sau biyu, domin sababbin zuwa ba su da garkuwar da tsofaffin suka tara. A 2012 cutar ta sake ɓulla a garin da ke kusa. Ka kuma yi tunanin ranar da za ku yi aikin: samari ashirin cikin hayaƙi da ƙura, jemagu suna faɗowa a kanku, yara suna tsinta da hannu, karnuka suna ci. Cuɗanyar da ba mu yi da su ba a shekara hamsin za ku yi ta a yini ɗaya. Waɗanda suka tsira kuma ba za su bar ƙasar ba, rufin gidajenmu da rumbunanmu za su koma.

Sarkin Noma: Ban da haka ma, wa zai sare mangwaron da kakan wani ya dasa saboda jita-jita? Auwalu, ka bar wannan magana.

Malam Habu: Ina so in ƙara abu ɗaya daga abin da muke koyarwa a aji. Furen kuka da daddare yake buɗewa, kuma manyan jemagu masu shan 'ya'yan itace suna cikin manyan masu kai masa barbara daga wannan itace zuwa wancan. Haka furen ɗorawa, haka na rimi. Wanda ya kashe su ya taɓa 'ya'yan kuka, ya taɓa kalwar da ake daddawa da ita. Birbirin da ke cikin rufi kuwa ƙwari yake ci duk dare, har da waɗanda ke yi mana ɓarna a gona.

Injiniya Kabiru: Ban goyi bayan kisa ba, amma ku yi mini uzuri, ban kuma gamsu da amfanin binciken ba. Dakta Maryam ta kawo labarin kogon Yunan kamar nasara ce, ni kuwa a wurina hujja ce a kan masu binciken. Sun san kogon, sun karanta rubutun, sun yi gargaɗi, duk da haka a ƙarshen 2019 annobar korona ta ɓarke a birnin Wuhan na ƙasar Sin ta zagaye duniya. Tun 2013 suke da samfurin wata ƙwaya daga jemage wadda ta yi daidai da ta annobar da kashi 96 cikin ɗari, amma ba wanda ya duba ta ya ce ga abin da ke tafe. Na karanta cewa wannan kashi huɗun da ya rage ya haura harafi 1,000, wato tazarar shekaru gommai ce tsakaninsu, don haka ko sun duba ba za su gane ba. Amurka ta kashe kusan dala miliyan 200 cikin shekara goma a wani shiri mai suna PREDICT, an tara ɗaruruwan sababbin ƙwayoyin cuta a kundi, amma ta annobar ba ta ciki. Har yau kuma ana jayayya a kan ko ta kasuwar dabbobi ta shigo mutane ko ta ɗakin bincike, wanda ke nuna cewa shi kansa kamawa da kwasa da adanawa yana da nasa haɗarin. Mu nan in zazzaɓi ya kama mutum, maganin maleriya ake ba shi ba tare da gwaji ba, in ya warke a gode Allah, in ya rasu a ce kwana ya ƙare. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Dakta Nasiru: Injiniya, rabin maganarka ina tare da kai, kuma ina ganin duk mun tsaya kallon dutse alhali abin yana kasuwa. Ku bar ni in yi maganar raƙumi. Cutar MERS, wadda ita ma korona ce, an gano ta a Saudiyya a 2012, kuma cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu kusan mutum ɗaya cikin uku ya rasu. A 2015 matafiyi guda ya kai ta Koriya ta Kudu, ta kama mutum 186, ta kashe 38, galibi a cikin asibitoci. Danginta na kusa suna jikin jemagu, an sami ɗaya a Afirka ta Kudu, amma mutane daga raƙumi suke ɗaukar ta. Da aka koma aka gwada tsohon jinin raƙuma da aka adana daga Sudan da Somaliya tun 1983, an tarar da alamunta a ciki. Wato ta shafe kusan shekara talatin, in ma ba ta fi ba, a jikin raƙuma kafin wani likita ya gan ta a jikin mutum. Baba Sarkin Noma, wannan ma amsa ce ga tambayarka: rashin ganin abu ba ya nuna babu shi, musamman a inda ba a gwaji.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. A farkon 2015 an gwada raƙuma sama da ɗari a mayankar Kano, aka sami kashi 96 cikin ɗari da alamun sun taɓa kamuwa, kimanin ɗaya cikin goma kuma da ƙwayar a hancinsa a lokacin. Gwajin farko da aka yi wa mahautan bai nuna komai ba, amma da aka dawo da wani gwaji mai zurfi, sai aka ga mutum 18 cikin 61 masu aiki da raƙuma jikinsu ya taɓa yaƙi da ita. Duk da haka ba a taɓa ba da rahoton ɓarkewar MERS a Najeriya ba. Karanta rubutun halittar ne ya haska dalili: irin da ke jikin raƙuman Afirka reshensa daban da na Larabawa, kuma a gwaji an ga ba ya hayayyafa a huhun mutum da ƙarfi kamar wancan. Wannan ilimi ne mai amfani, Injiniya, domin yanzu mun san abin da za mu sa wa ido. In wata rana aka karanta samfur daga kasuwar Maigatari, inda raƙuma ke shigowa daga Nijar kowace Alhamis, aka ga reshen Larabawa ko aka ga namu ya canza, to an san lokacin tashi tsaye ya yi. Jemage yana kan dutse, amma raƙumi muna riƙe da akalarsa, yana yi mana atishawa a fuska. In da ni zan raba kuɗin, kaso mafi tsoka zai tafi wurin gwada dabbobin gida da mahauta da makiyaya da masu kwasar taki a kogo, da duk mai ciwon huhun da ba a gane kansa ba.

Dakta Maryam: Ban ƙi rabonka ba, Dakta Nasiru, sai dai kada a bar ɗaya ɓangaren da hannu wofi. Injiniya ya yi gaskiya cewa kundin ba ya faɗin ranar annoba, kuma duk mai binciken da ya yi muku alkawarin haka ya wuce gona da iri. Amfaninsa shi ne gane baƙo da wuri in ya iso. Da aka fitar da rubutun halittar koronar Wuhan a watan Janairun 2020, cikin kwanaki aka san danginta, aka haɗa gwajin gano ta, aka fara aikin allura, saboda shekarun da aka yi ana nazarin 'yan uwanta na SARS da MERS da na jemagu. A nan gida, da aka sami mai cutar na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, cikin 'yan kwanaki masana a garin Ede na jihar Osun suka karanta rubutun ƙwayar, kuma shi ne na farko a Afirka. Ku kwatanta da abin da ya faru a Kano a watan Afrilun shekarar, inda aka yi ta binne dattawa ba a san dalili ba, sai daga baya ministan lafiya ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Jemagun Asiya an yi musu karatu mai yawa, namu na Sahel kuwa kaɗan aka taɓa, don haka in wani abu ya taso daga nan, da me za a kwatanta shi?

Hajiya Talatu: Na saurari likitoci, Allah ya saka musu da alheri, amma akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne mata suke tambayata. Mu da muka yi wayo a 1996 ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara 200 a Kano ba, inda 11 suka rasu, kuma kowa ya san rashin yardar da ya biyo baya ta taimaka wajen tsayar da allurar shan inna a 2003. Na san kashin jemage ba jinin yaro ba ne, amma Dakta Nasiru ya riga ya ambaci gwada mutane, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na biyu, suna. Lassa gari ne a Borno, tun 1969 aka liƙa wa zazzaɓi sunansa, har yau mutanen garin suna ɗauke da shi. Ita ma Dakta ta ce an sa wa wata sunan Zariya. In aka rubuta a jarida cewa an sami korona a garinmu, wace mota ce za ta zo daga Kano ɗaukar mangwaro da albasa? Mun ga yadda aka saka wa Afirka ta Kudu da rufe mata hanyoyin jirgi a ƙarshen 2021 don ta faɗi gaskiya game da sabon nau'in da ta gano, har Birtaniya ta haɗa da Najeriya.

Dakta Nasiru: Hajiya, ba ki faɗi abin da za a musa ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina sa wa sababbin cututtukan mutane sunan gari ko ƙasa ko dabba, amma masu bincike sukan rubuta inda suka ɗibi samfur, kuma ɗan jarida ba ya bambance ƙwayar da ke hanjin jemage da annoba. Muna da ikon cewa a rubuta sunan jiha ko ƙaramar hukuma kawai. Gwajin jinin mutum kuwa magana ce daban da ke buƙatar takardar kwamitin ɗa'ar bincike, da sanin ma'aikatar lafiya ta jiha a Dutse, da yardar kowane mutum shi kaɗai bayan an yi masa bayani da Hausa. Izinin Dagaci ba ya wadatarwa a nan, kuma wanda ya ce a'a ba a tambayarsa dalili.

Injiniya Kabiru: In haka ne, ni sharaɗina shi ne su faɗa mana a gaban jama'a inda samfurin zai kwana: a ɗakin gwaji na cikin ƙasa kamar na Vom a jihar Filato, ko za a fita da shi waje, kuma karanta rubutun kawai za su yi ko za su raya ƙwayar. Sannan kada su ɗauki yaranmu aikin riƙe raga da hannu tsirara don naira dubu biyu. Su da ke zuwa da safar hannu da takunkumi da allurar cizon mahaukacin kare sun san dalilin da ya sa suke yin haka.

Malam Habu: Na rubuta waɗannan duka, na kuma ƙara cewa su dawo da sakamakon da bakinsu su karanta mana a ƙofar gidan Dagaci kafin mu ji shi a rediyo. Amma Dakta Maryam, akwai abin da ke damuna fiye da maganar kogon. Rufin aji biyu a makarantarmu cike yake da birbiri, silin ya huje, kashinsu na zubowa a kan bencina, kuma yara ne suke sharewa kowace safiya da tsintsiya.

Dakta Maryam: Malam, wannan ya fi komai gaggawa, ko masu bincike sun zo ko ba su zo ba. Busasshen kashin jemage in ya tashi da ƙura yana iya ɗauke da wata irin funfuna da ke kama huhu, ban da maganar korona. Babba ne zai share, ya yayyafa ruwa tukuna, ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu. Toshe ramukan kuma bayan magariba ake yi in sun fita kiwo, a kuma kauce wa lokacin da suke da jarirai da ba su iya tashi ba, don kada su mutu su ruɓe a ciki. Randunan ruwan sha a rufe su. A Bangladesh, inda jemagu ke lasar ruwan da ake tatsa daga itacen dabino suna bar wa mutane cutar Nifa, wadda ba korona ba ce, abin da aka gwada ya yi aiki shi ne lulluɓe wurin tatsar da tukunyar da 'yar tabarmar gora. Mangwaron da aka gutsura kuwa, Baba ya yi haƙuri, a daina bai wa yara.

Sarkin Noma: Mangwaro na bar shi, ko da yake jikokina ba za su ji daɗin wannan hukunci ba. Takin kogo kuwa ba zan yi muku ƙarya in ce na bari ba, don buhun takin zamani ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. 'Yata, ki rubuto mini yadda za a kwashe shi ba tare da an shaƙi ƙurar ba, in karanta wa masu albasa ranar kasuwa. Malam Habu kuma ka gaya wa baƙin nan in sun zo ranar Juma'a su fara leƙa ajin yaran kafin su hau dutse.